Zanen Kwamfuta da Saƙar Hannu: Aikin Wane Ne?

 Ku sani akwai wani al'amari da ya yawaita a manyan gidajen nuni na duniya a wannan zamani, wanda ya kamata mai alƙalami da mai ciniki su san shi. Watau mutum ya zauna gaban kwamfuta ya zana abin da zuciyarsa ta raya masa, sa'an nan ya kai wa masu sana'ar hannu, masaƙa ko maɗinka ko maƙera, su fitar da shi da zare ko da ƙarfe, kana a kai shi Landan ko Jidda a rataye, jama'a su taru kallo. Abin da ke fitowa daga wannan haɗuwa sau da yawa kyakkyawa ne ƙwarai, ba mu musun haka. Amma akwai mas'ala a cikinsa wadda masu kallo ba su cika tsayawa a kanta ba, ita ce: in an rataye aikin, sunan wa a ke rubutawa a ƙarƙashinsa, kuma wa ke cin ribarsa? Wannan shi ne abin da mu ke nufin bincikawa, da misalai waɗanda suka tabbata.

Fasali na farko: dardumar da ta narke

A birnin Landan akwai wani babban gida da a ke kira Gidan Biktoriya da Albat, an kafa shi a 1852 domin a tara kyawawan kayan sana'a na ƙasashe dabam-dabam, masu sana'ar Ingila su gani su koya. A 2009 gidan nan ya haɗa kai da zuriyar Jamil, attajiran Jidda, aka fara wata gasa mai suna Kyautar Jamil, domin masu fasahar zamani waɗanda ke ɗebowa daga zane da sana'o'in ƙasashen Musulmi. Wanda ya ci yana samun fam 25,000. A zagaye na uku, a 2013, cikin goma da aka zaɓa akwai wani saurayi mutumin Azarbaijan, sunansa Fa'iƙ Ahmad, haifaffen 1982. Waɗansu 'yan'uwa mata biyu masu ɗinki daga Turkiyya ne suka ci kyautar a shekarar, amma dardumomin saurayin nan sun ja idon jama'a, daga baya kuwa sunansa ya game duniya.

Azarbaijan ƙasa ce da ke gabar tekun Kasbiya, arewa da Iran, kuma mutanenta sun shahara da saƙar darduma tun kaka da kakanni, har kowane yanki yana da zanensa da a ke gane shi da shi, kamar Kuba da Shirwan da Karabak. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan saƙa cikin jerin gadon 'yan Adam da ya wajaba a kiyaye. To, Fa'iƙ shi ba masaƙi ba ne da asali, makarantar zane da sassaƙa ya yi a Baku, babban birninsu. Abin da ya ke yi shi ne ya ɗauki tsohon zanen darduma ya shigar da shi cikin kwamfuta, ya ja shi, ya murɗe shi. Sai ka ga darduma wadda samanta cikakken zanen gargajiya ne, babu abin da ya ɓace, amma rabinta na ƙasa ya farfashe ya zama manyan murabba'ai, kamar hoton da aka faɗaɗa a waya har ya lalace. Wata kuma sai ka ga launukanta sun zubo daga bango sun kwanta a ƙasa kamar narkakken kitse. Wanda ya ga hotonsu zai rantse dabarar kwamfuta ce kawai. Sai ya je kusa ya tarar gashin tumaki ne rinanne, an ɗaura shi ƙulli bayan ƙulli.

Ga yadda a ke yi. In ya gama zanen, sai a fitar da shi a kan takarda mai gidaje ƙanana, kowane gida da launinsa. Sai a kai wa masaƙa, galibinsu mata ne, su kafa zaren tsaye a masaƙa ta tsaye, mai kama da ta matanmu masu saƙar gwado. Kowane gida na takarda ƙulli ɗaya ne a jikin darduma. Su ɗaura layi guda na ƙulli, su ratsa abawa, su daddanne, su sausaye bakin gashin da almakashi, su hau layi na gaba, haka har watanni. Zanen gargajiya yana maimaita kansa, hannu ya saba da shi, dama tana amsa hagu. Amma narkakken zane ba ya maimaituwa, kowane layi daban ya ke da wanda ya gabace shi, saboda haka saƙarsa ta fi ta gargajiya wuya, ba mai iya ta sai gwana.

Fasali na biyu: kwamfuta jikar masaƙa ce

Mai karatu zai ce, ta yaya abin da aka zana da wutar lantarki ya dace da zare haka? Amsa ita ce, asalinsu ɗaya ne. Hoton da ke fuskar kwamfuta ko waya an gina shi ne da ɗigo-ɗigo masu launi, jere a layi, sun yi ƙanƙanta har ido ya haɗa su ya ga sura. Darduma ita ma haka ta ke, sai dai ɗigonta ƙulli ne. Masaƙa sun riga masu kwamfuta sanin wannan da ɗaruruwan shekaru.

Har ila yau akwai dangantaka ta tarihi. A 1804, a birnin Liyon na ƙasar Faransa, garin masaƙan siliki, wani mutum mai suna Jakar ya gyara wata masaƙa wadda ke karanta zane daga kwalaye masu huji, an ɗinke su jere kamar sarƙa. Inda akwai huji, ƙugiya ta ɗaga zare. Inda babu, zare ya zauna. Kafin wannan, sai an sa yaro ya riƙa jan igiyoyi yana ɗaga zaren bisa ga umarnin masaƙi. Masaƙan Liyon sun yi fushi da injin, domin sun ga abincinsu zai ragu, amma kafin 1812 akwai irinsa kimanin 11,000 a Faransa. Daga nan wani masanin lissafi na Ingila, Babej, ya ari dabarar kwalayen domin injin lissafi da ya tsara a shekarun 1830, kuma a 1890 da kwalaye masu huji aka lissafta ƙidayar mutanen Amurka. Kwamfutar yau ba ta san komai ba face abu biyu, ɗaya da sifiri, watau akwai huji ko babu huji. In haka ne, sa'ad da zanen kwamfuta ya koma hannun masaƙa, jika ce ta zo gaida kakarta. Abin da ya rage a duba shi ne ko ta zo da ladabi.

Fasali na uku: sunan da aka saƙa da sunayen da aka bari

A cikin gidan nan na Landan da a ke nuna Kyautar Jamil akwai wata tsohuwar darduma da a ke kira Dardumar Ardabil, an saƙa ta a Iran zamanin Shah Tahmasb domin hubbaren Shaihu Safiyyuddin. Tsawonta ya kai mita goma da rabi, faɗinta ya ɗara mita biyar. Zaren tsayenta siliki ne, gashinta na tumaki, ƙulle-ƙullenta sun haura miliyan 25. Gidan ya saye ta a 1893 a kan fam 2,000. A 2006 aka kwantar da ita a ƙasa cikin akwatin gilashi, aka tsara a riƙa haska ta minti goma kowane rabin awa, domin kada haske ya cinye rininta.

Ya ku masu lissafi, ku auna wannan. Da a ce mutum ɗaya zai ɗaura ƙulli 10,000 kowace rana, ba Juma'a ba Salla, da sai ya yi kwana 2,500, watau kusan shekara bakwai, kafin ya kai miliyan 25. Lalle ƙungiyar masaƙa ce ta zauna a kanta kafaɗa da kafaɗa. Amma a gefe guda na dardumar an saƙa suna ɗaya tak, Maƙsudu mutumin Kashan, tare da shekara, 946 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1539 zuwa 1540. Masana sun rinjayar da cewa shi ne wakilin da ya tsaya a kan aikin. Waɗanda suka ƙarar da ganinsu da yatsunsu a kanta kuwa, ba a saƙa sunan ko ɗaya ba.

Mun kawo wannan ne domin kada wani ya ce kwamfuta ce ta zo da rashin adalci. Tsohuwar al'ada ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da zamani ya ƙara shi ne ya faɗaɗa ratar. Al'adar gidajen nuni ita ce a maƙala 'yar takarda kusa da aiki, a rubuta sunan mai fasaha, da shekara, da abin da aka yi aikin da shi, misali a ce darduma ce ta gashin tumaki, saƙar hannu. Hannun wa? Ba safai takardar ke faɗi ba. Fa'iƙ bai ɓoye cewa masaƙa ne ke saƙa masa ba, kowa ya san haka, saboda haka maganarmu a kan al'adar ce, ba a kan mutum ɗaya ba. Ga shi kuma hoton aiki yana zagaya duniya ta intanet cikin dare ɗaya, sunan mai zane yana biye da shi, masaƙiya tana ƙauye ba ta ma san an yi ba. Kuma alamar inda aka dosa ta bayyana a 2024, sa'ad da aka keɓe Kyautar Jamil ta shekarar gaba ɗaya ga hoto mai motsi da fasahar kwamfuta.

Fasali na huɗu: rabon aiki tsakanin inji da hannu

Akwai wani misali da ya fi kusa da zukatanmu. Alhazai da yawa sun san babbar rumfar saukar mahajjata ta filin jirgin saman Jidda. A 2023 aka fara wani babban baje koli na fasahar Musulunci a wani sashe nata, wanda a ke yi bayan shekara bibbiyu, inda a ke ajiye tsofaffin littattafai da kayan sana'a kusa da ayyukan masu fasahar zamani, har da masu aiki da haske da sauti. A karo na biyu, daga Janairu zuwa Mayu 2025, aka nuna rigar Ka'aba mai alfarma cikakkiya, karo na farko ke nan da aka nuna ta haka a wajen Makka.

Shekaru ɗaruruwa a Masar a ke saƙa wannan riga a kawo ta tare da ayarin mahajjata. A 1927 Sarki Abdul'aziz ya kafa gidan saƙarta a Makka, a 1977 aka buɗe sabon gida a Ummul Judi. Baƙin silikin da ke jikinta, wanda rubutu ke cikin saƙarsa, injin Jakar ne ke saƙa shi, zuriyar wancan na Liyon. Amma ɗamarar da ke zagaye da ita ta sama, mai tsawon mita 47 da faɗin santimita 95, da labulen ƙofa, da hannu a ke ɗinka su. Marubuci ya tsara rubutun, a fitar da shi a kan ƙyalle, maɗinka su cika cikin haruffan da zaren auduga har su taso, sa'an nan su lulluɓe su da zaren azurfa da na azurfa mai ruwan zinariya. Ku duba hikimar wannan rabo. An ba inji abin da ke maimaituwa, wanda yawansa zai gajiyar da mutum, an bar wa hannu abin da ke bukatar ido da natsuwa. Kuma an riƙe maɗinkan a gida ɗaya, shekara da shekaru, babba yana koya wa ƙarami, don haka sana'ar ba ta yanke ba.

Fasali na biyar: in mai tambaya ya ce

In mai tambaya ya ce, ai masaƙan an biya su ladansu, me kuma su ke nema? Sai mu ce, lada haƙƙi ne, suna ma haƙƙi ne, kuma a kasuwa suna shi ne jari. Wanda aka san sunansa shi ke yanka farashi, mai saye ya neme shi har gida. Wanda ba a sani ba kuwa sai abin da aka ba shi, in ya ƙi a nemi wani.

In ya ce, ai wannan haɗuwa ita ce ma ke raya sana'ar, domin samarin da suka raina dardumar kakarsu sun dawo suna kallonta, sai mu ce gaskiya ne, kuma alheri ne babba. Amma akwai sharaɗi. Masaƙiyar dā tana riƙe da zane a ka, ta san sunan kowace alama, tana ƙarawa tana ragewa bisa ga ganinta. In aka wayi gari ba ta saƙa komai sai abin da takarda ta ce, 'yarta za ta tashi da gwanintar yatsa ba tare da ilmin zane ba. Ran da masu nuni suka juya ga wani yayi, sai a tarar an rasa duka biyu. Misalinta kamar almajirin da ya iya kwafe allo, amma ba a taɓa biya masa ba.

In ya ce, to a bar kwamfutar mana, sai mu ce masaƙan Liyon sun gwada fushi da inji, bai hana shi yaɗuwa ba. Kwamfuta alƙalami ce sabuwa, tana rubuta abin da mai riƙe da ita ya sani. Fa'iƙ bai sami abin narkarwa ba sai da matan Kuba da Shirwan suka fara gina shi.

Fasali na shida: abin da ya shafe mu

Wannan rabo tsakanin mai zane da mai aiwatarwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun dā malamai ne da yawa ke zana wa babbar riga aikinta, aska biyu ko aska takwas da tambari, domin hannunsu ya saba da zayyana, sa'an nan maɗinki ya bi zanen da allura. Yanzu injunan ɗinki masu kwamfuta sun shigo garuruwanmu, a ɗauki zanen wuyan riga ko na hula a shigar, inji ya fitar cikin sa'o'i abin da hannu ke yi cikin makonni.

Haka kuma rubutu. Littattafan da magabata suka rubuta da alƙalamin kara da tawada, an daɗe ana ɗaukar hotonsu ana bugawa, hannun marubuci yana nan a kowane shafi, kamar yadda aka san hannun Sharu Bala na Gabari a Kano. A 2017 wata ƙungiya mai aikin harsuna, SIL, ta fitar da haruffan kwamfuta da aka tsara bisa ga rubutun Kano, aka sa musu suna Alkalami, kowa yana iya ɗauka kyauta. Amfanin wannan a fili ya ke, domin ajaminmu yana iya shiga kwamfuta da kamanninsa, ba sai ya ari rigar rubutun Gabas ba. Amma kowane harafi a ciki daga hannun waɗansu mutane aka koyo shi, waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan buzu. Kuma marubutanmu sun bar mana sunna mai kyau: in mutum ya gama kwafe littafi, yakan rubuta sunansa da na mahaifinsa a ƙarshe, ya ambaci mai littafin, ya roƙi addu'ar mai karatu. Mawallafi da sunansa, mai kwafi da nasa, ba wanda ya danne wani. Abin da manyan gidajen nuni ba su gama koyo ba, yana nan a ƙarshen tsofaffin takardun da ke cikin gafakarmu.

Kammalawa

Ga masu shirya nuni, ko a Landan ne ko a Kano, shawararmu ita ce a rubuta sunan wanda ya saƙa da wanda ya rina kusa da sunan wanda ya zana, a faɗi garinsu da kwanakin da aikin ya ci. Takarda ba za ta ƙare ba saboda layi biyu.

Ga 'yan'uwa 'yan kasuwa, ku bambanta wa mai saye aikin hannu da aikin inji, kowane da farashinsa. Aikin inji halal ne, talaka ma ya sami abin sawa, amma sayar da shi da sunan aikin hannu algus ne, kuma yana kashe kasuwar wanda ya yi wahala. Gane su ba wuya. Juya darduma ka dubi bayanta: ta hannu za ka ga zanen ya fito sarai, ƙulle-ƙullen ba su zama daidai wa daida ba, gezarta kuma bakin zaren tsayenta ne, ta inji kuwa layukanta sun daidaita sumul, gezarta galibi ɗinka ta aka yi daga baya. Hula ma haka, cikinta ke ba da labarinta.

Ga masu sana'a, in mai kwamfuta ya zo neman hannunku, ku karɓe shi, amma ku yi sharaɗin suna kafin a yi na kuɗi, a rubuta, a sa shaidu. Ku koya wa 'ya'yanku zanen da sunayensa, kada ku tsaya ga bin takarda. In da hali, ɗaya daga cikinsu ya koyi kwamfutar, domin ran da mai zane da mai saƙa suka fito daga gida ɗaya, gardamar suna ta ƙare.

Allah ya sa albarka a sana'ar kowa, ya ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Wassalamu.